Wiliyam Liba (1851–1925): Attajirin Sabulu da Alaƙarsa da Ƙasarmu

Gabatarwa

Duk wanda ya zaga kasuwar Gummi, ko ta Anka, ko ta Bukkuyum, zai tarar da sabulu iri biyu a wajen 'yan koli da masu tireda. Akwai sabulun salo, baƙi, wanda ake curawa a sayar ba suna ba tambari. Akwai kuma sabulun kamfani, wanda yake zuwa a naɗe cikin takarda ko kwali, da sunansa da hotonsa a jiki. Na farkon gado ne da aka taras a ƙasashen Afirka ta Yamma tun kafin zuwan Turawa. Na biyun kuwa baƙo ne, kuma daga cikin mutanen da suka share masa hanya har ya iso ƙauyukanmu, babu wanda ya kai wani ɗan kasuwar Ingila mai suna Wiliyam Liba, wanda ake rubuta sunansa William Lever da Turanci.

Wannan babi zai bi tarihin rayuwar wannan mutum tun daga haihuwarsa har rasuwarsa. Za a ga yadda ya mayar da sabulu abin da talaka zai iya saye kullum, da yadda neman man da za a dafa sabulun ya kawo shi Afirka, da kuma abin da hakan ya jawo wa mutanen da suka yi wahalar samar da man. Daga ƙarshe za a dubi matsayin sabulu a kiwon lafiya, domin shi ne ɓangaren da ya fi shafar malamin makaranta.

Sabulu Kafin Zamaninsa

Ba Liba ne ya ƙago sabulu ba. Fiye da shekara dubu huɗu da suka wuce, mutanen da suka zauna a inda ƙasar Iraƙi take a yau sun san cewa idan aka dafa mai da ruwan toka ana samun abin da yake fitar da maiƙo daga ulu da tufafi. A zamanin daulolin Musulunci sana'ar ta ƙara inganta, har garuruwa irin su Halab da Nablus na ƙasar Sham suka yi suna wajen yin sabulu mai tauri da man zaitun. Ita kanta kalmar sabulu Hausa ta aro ta ne daga Larabci.

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta ma hanyar ɗaya ce. Mata sukan ƙona kara ko ɓawon wasu tsirrai su tara toka, su jiƙa ta su tace, sannan su dafa ruwan tokar da man kaɗe, ko kitse, ko manja, suna juyawa har ya kama jikinsa. Inda sabulu ya yi wuya kuwa akan yi wanki da ruwan toka zalla, ko da sassaƙen aduwa wanda yake yin kumfa. Bayan haka, addinin Musulunci ya riga ya ɗora wa jama'a alwala da wanka da tsarkake tufafi. Ke nan tsafta ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe.

A Turai kuwa sabulu ya daɗe yana da tsada. Abubuwa biyu ne suka karya farashinsa. Na farko, a shekarar 1791 wani Bafaranshe mai suna Nicolas Leblanc ya samo hanyar fitar da sinadarin soda daga gishiri, saboda haka masu dafa sabulu suka huta da dogaro ga tokar itace. Na biyu, a shekarar 1853 gwamnatin Ingila ta soke harajin da ta ɗora wa sabulu tun 1712. A daidai wannan lokaci garuruwan masana'antu na Ingila sun cika maƙil da ma'aikata, ga hayaƙin kwal, ga ƙazanta, ga annobar kwalara tana yawan ɓarkewa. Bukatar sabulu ta yi yawa, abin da ya rage shi ne wanda zai kai shi kowane gida.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Wiliyam Liba ranar 19 ga Satumba, 1851, a garin Bolton da ke arewa maso yammacin Ingila, garin da ya shahara da masaƙun auduga. Shi ne na bakwai a wajen iyayensa, kuma ɗa namiji na farko. Mahaifinsa, Jems Liba, ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan masarufi a kan sari, kuma mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista, wanda ya tarbiyyantar da 'ya'yansa a kan tsimi da kiyaye lokaci da ƙin shan giya.

Yana matashi ya bar makaranta ya shiga kantin mahaifinsa. Aikin da aka fara ba shi shi ne yanka sabulu da naɗe shi. A wancan zamani sabulu yakan zo kanti ne a dogayen sanduna marasa suna, mai kanti ya yanka wa mai saye gwargwadon kuɗinsa. Mai saye ba shi da hanyar sanin wanda ya dafa shi, balle ya san ko an yi masa algus. Daga yankan sabulu aka mayar da shi wajen lissafin kuɗi, daga nan kuma ya zama wakilin kanti mai zagaya ƙauyuka yana karɓar odar ƙananan 'yan kasuwa. Wannan yawo ya sa ya san abin da matan ma'aikata suke saye, da abin da suke kuka da shi. A shekarar 1872 mahaifinsa ya sa shi cikin mallakar kasuwancin, sannan a 1874 ya auri Elizabet Hulm, wadda suka taso unguwa ɗaya tun suna yara.

Kafuwar Sabulun Sunlight

A shekarar 1884, yana da shekara 33, Liba ya yanke shawarar ya taƙaita ƙarfinsa a kan haja guda, wato sabulu. Abin da ya fara yi shi ne zaɓen suna. Ya yi rajistar sunan Sunlight, ma'ana hasken rana, ya riƙa sa wasu masana'antu suna dafa masa sabulu yana buga wannan suna a kai. Da ya ga ba ya samun ingancin da yake so, sai a 1885 shi da ƙanensa Jems Darsi suka karɓi wata ƙaramar masana'anta a garin Warinton. Wannan shi ne mafarin kamfanin Lever Brothers, wato 'yan'uwa biyu na gidan Liba. Ƙanen bai daɗe ana damawa da shi ba saboda rashin lafiya, don haka ragamar ta zauna a hannun Wiliyam.

Sabulun da suka fito da shi ya bambanta da na sauran. Yawancin sabulun lokacin da kitsen dabbobi ake yin sa, yana da tauri, kuma ba ya saurin kumfa. Da taimakon wani masanin harhaɗa sinadarai mai suna Watson, sai suka rinjayar da man tsirrai a cikin haɗin, irin su man alayyadi da man angurya. Sabulun ya zo da laushi da yawan kumfa, abin da ya rage wa mata wahalar cuɗa. Sai dai yana da aibi guda: idan ya sha iska bayansa yakan yi wari. Maganin da Liba ya yi wa wannan matsala shi ne ya yanka sabulun ƙanana daidai hannu, ya naɗe kowane cikin takarda mai hana iska shiga, ya sa a kwali mai launi. Dabarar da aka yi don kare sabulu daga lalacewa sai ta zama ita ce babbar hanyar tallarsa.

Liba ya yi imani da talla ƙwarai. Ya lilliƙa alluna a tashoshin jirgin ƙasa, ya buga ƙananan littattafai masu koya wa mata hanyar wanki, ya sa kyaututtuka ga wanda ya tara takardun naɗin sabulun, har ya yi alkawarin fam 1,000 ga duk wanda ya tabbatar akwai algus a cikinsa. Masana'antar da ta fara da tan 20 a mako, kafin shekarar 1888 ta kai tan 450. A tsakiyar shekarun 1890 ya fito da Lifebuoy, sabulu mai ɗauke da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, wanda aka tallata shi a matsayin garkuwar lafiyar iyali. A 1900 kuma sunan Lux ya shiga kasuwa.

Garin Ma'aikata

Da Warinton ta yi masa kaɗan, sai ya sayi fili mai faɗin eka 56 a bakin kogin Mazi, tsallaken birnin Libaful. A watan Maris na 1888 matarsa ta yi saran farko na ginin sabuwar masana'anta da garin ma'aikata, wanda aka sa wa suna Port Sunlight. An gina ɗaruruwan gidaje masu ruwan famfo da makewayi da fili a gaba, a lokacin da yawancin ma'aikatan Ingila suke cunkushe a ɗakunan haya marasa iska. An kuma gina makarantu da asibiti da ɗakin karatu da wuraren wasanni. Ya rage sa'o'in aiki, ya tsara fansho, kuma da aka zaɓe shi ɗan Majalisar Dokokin Ingila a 1906, jawabinsa na farko a kan biyan tsofaffi fansho ya yi shi.

Duk da haka, alherin nasa yana tafe da sharaɗi. Gidajen na kamfani ne, wanda ya rasa aikinsa ya rasa muhallinsa. Akwai dokoki a kan yadda za a zauna da yadda za a kula da gida, kuma shi ne mai yanke abin da ya dace da ma'aikaci. Mutum ne mai son kyautatawa, amma ba ya son a ja da shi. Wannan hali nasa ya fi fitowa fili da ya juyo Afirka.

Neman Mai a Afirka

Sabulu ba ya yiwuwa sai da mai. Yayin da kamfanin ya bunƙasa, babban tsoron Liba shi ne ranar da manja da ƙwara za su yi tsada ko su yanke. Saboda haka ya ƙudura ya mallaki tushen man da kansa. A shekarar 1910 ya sayi kamfanin MacIver mai ciniki a gaɓar tekun Nijeriya. Ya kuma nemi gwamnatin Ingila ta ba shi manyan filaye a Afirka ta Yamma don ya kafa gandayen kwakwar manja, amma aka hana shi. Manufar da ake bi a lokacin ita ce ƙasa ta zauna a hannun manoma 'yan ƙasa, su noma su sayar. A Arewa ma dokar filaye ta 1910 ta hana a sayar wa baƙi ƙasa kai tsaye.

Da ya rasa a nan sai ya nufi Kwango, wadda take ƙarƙashin Beljiyam. A 1911 aka ba shi izinin zaɓen fili har hekta 750,000 a yankuna biyar, aka kafa gari aka sa masa suna Leverville, wanda yanzu ake kira Lusanga. Ya gina asibitoci da makarantu a can kamar yadda yarjejeniyar ta tanada. Amma mutanen yankin ba su ga dalilin barin gonakinsu su riƙa hawan dogayen itatuwan kwakwa a kan ɗan abin da ake biya ba. Sai aka koma ga tilas. Jami'an mulkin mallaka suka yi amfani da haraji da sarakunan da suka naɗa da barazanar ɗauri wajen tara ma'aikata, aka kuma hana mutane sayar da 'ya'yan itatuwan da suka gada ga kowa sai kamfani. Wannan zalunci yana daga cikin dalilan boren da ƙabilar Pende ta yi a 1931, bayan rasuwar Liba, wanda aka murƙushe da kisan ɗaruruwan mutane. Masana tarihi na yau suna lissafa wannan a matsayin babban tabo a rayuwarsa.

A farkon 1920 ya yi cinikin da ya haɗa shi da ƙasar Hausa kai tsaye, wato ya sayi Kamfanin Neja a kan kuɗi fiye da fam miliyan 8. Wannan kamfani shi ne magajin kamfanin Goldi, wanda ya riƙe ikon mulki a bakin kogin Kwara har ƙarshen 1899, daga baya ya koma ciniki zalla. Tun da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, kuma Kamfanin Neja yana cikin manyan masu saye ta hannun dillalai 'yan ƙasa, waɗanda fitaccensu shi ne Alhasan Ɗantata. Gyaɗar takan tafi Turai a matse ta, mafi yawan man ya shiga abinci da man shafa wa burodi, wanda kamfanin Liba ya fara yi tun 1914, wani kason kuma ya shiga sabulu.

Cinikin ya kusa karya shi. Bai binciki littattafan kamfanin da kyau ba kafin ya saya, sai daga baya aka tarar da bashin banki na kimanin fam miliyan 2, ga shi kuma farashin amfanin gona ya faɗi warwas a wannan shekara. Bankuna ba su yarda sun tallafa ba sai da aka shigo da wani akanta mai suna Darsi Kufa cikin jagorancin kamfanin. Ko a wannan hali Liba bai daina neman filaye a Nijeriya ba, amma Gwamna Kilifod, wanda ya mulki ƙasar daga 1919 zuwa 1925, ya tsaya ƙyam a kan cewa ba za a mayar da manomin Nijeriya lebura a gonar kakanninsa ba. Da an ba shi yadda ya so, mai yiwuwa da labarin wasu sassan ƙasar nan ya yi kama da na Kwango.

Ƙarshen Rayuwarsa da Abin da Ya Biyo Baya

Matarsa ta rasu a 1913. Da aka ba shi sarautar Lod a 1917, sai ya haɗa sunansa da nata ya zama Lod Leverhulme, kuma a 1922 ya buɗe gidan adana zane-zane a Port Sunlight don tunawa da ita. A 1923 aka kafa reshen kamfaninsa na Afirka ta Yamma, wanda ya gina masana'antar sabulu a Apapa ta Legas. A ƙarshen 1924, yana da shekara 73, ya sake yin doguwar tafiya zuwa Kwango da Afirka ta Yamma. Bai daɗe da komawa gida ba ciwon huhu ya kama shi, ya rasu a Landan ranar 7 ga Mayu, 1925. An binne shi a Port Sunlight kusa da matarsa. Ya bar wasiyyar a ware wani kaso na dukiyarsa don tallafa wa ilimi da bincike, kuma wannan asusu yana aiki har yau.

Bayan rasuwarsa, a 1929 aka haɗa Kamfanin Neja da wani babban abokin gasarsa aka sami UAC. A farkon 1930 kuma Lever Brothers ya haɗe da wani kamfanin ƙasar Holan aka sami Unilever. A 1929 ɗin ne layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya isa Ƙauran Namoda. Daga nan gyaɗa da audugar ƙasar Zamfara suka riƙa fita ta waɗannan tashoshi, kayan kanti kuma suna shigowa, har da sabulu, 'yan koli suna rarraba su a kasuwannin ƙauye. Sunayen kayan kamfanin sun shiga bakin jama'a ƙwarai, ta yadda har yau Bahaushe yakan kira kowane garin sabulun wanki da sunan Omo. A 2023 reshen kamfanin na Nijeriya ya ba da sanarwar daina yin sabulun wanka da na wanki a ƙasar, shekara ɗari cif bayan kafa shi.

Matsayin Sabulu a Kiwon Lafiya

Rayuwar Liba ta zo daidai da lokacin da likitoci suka gano asalin cututtuka masu yaɗuwa. A 1847 wani likita mai suna Semmelweis ya nuna a birnin Biyana cewa idan masu karɓar haihuwa suka tsabtace hannuwansu, mutuwar masu jego tana raguwa ƙwarai. A 1884 kuma Robert Koch na Jamus ya tabbatar da ƙwayar cutar kwalara. Liba ya gina tallarsa a kan wannan sabon ilimi.

Yadda sabulu yake aiki abu ne mai sauƙin bayani ga ɗalibai. Ƙwayoyin cuta sukan maƙale ne a cikin maiƙon da ke jikin fata, ruwa kuwa ba ya haɗuwa da mai. Kowane ƙwayar sinadarin sabulu tana da kai biyu, ɗaya yana kama mai, ɗaya yana kama ruwa. Idan aka cuɗa hannu na kimanin daƙiƙa 20, sabulun yakan ɓamɓaro maiƙon tare da dattin da ke cikinsa, ruwan ɗauraya ya tafi da su. Wannan aiki sabulun salo yana yin sa kamar yadda na kamfani yake yi. Bincike ya nuna cewa wanke hannu da sabulu yana rage kamuwa da gudawa da kimanin kashi ɗaya cikin uku, yana kuma rage cututtukan numfashi. Lokutan da suka fi muhimmanci su ne bayan fitowa daga makewayi, bayan yi wa yaro tsarki, kafin dafa abinci, da kafin ci. Saboda haka ne tun 2008 aka ware ranar 15 ga Oktoba ta kowace shekara don tunatar da duniya wanke hannu.

Yammacin Zamfara yana da nasa dalili na musamman. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, inda niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar yara aƙalla 400. Magance wannan masifa ya bukaci kwashe gurɓatacciyar ƙasa da ba yara magani a asibiti, abin da sabulu ba zai iya ba. Amma daga cikin matakan kariya da aka koya wa jama'a akwai fitar da niƙa daga gida, da yin wanka da sauya tufafi kafin mai haƙa ya shiga cikin iyalinsa, da wanke hannun yara kafin su ci abinci. Haka kuma a garuruwan fadama irin Gummi, inda ambaliya takan gurɓata rijiyoyi da damina, wanke hannu yana cikin matakan farko na tare amai da gudawa. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Kammalawa

Wiliyam Liba ya tarar da sabulu ana yanka shi a kanti ba suna, ya bar shi yana shiga gidajen talakawa a nahiyoyi da dama. Ya kyautata wa ma'aikatansa na Ingila, amma man da ya gina arzikinsa ya fito ne daga gumin manoman Afirka, wasunsu ma a kan tilas. Wajibi ne mai nazarin tarihinsa ya riƙe ɓangarorin nan biyu tare. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne mayar da wanki da wanka al'adar yau da kullum ta hanyar maimaita saƙo, kuma wannan fage ne da malami ya fi ɗan kasuwa dama a cikinsa. Buta da ɗan guntun sabulu a ƙofar aji, tare da malamin da yake fara wanke nasa hannun a gaban yara, sun isa su dasa ɗabi'ar da yaro zai kai gidansu.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana yadda ake yin sabulun gargajiya a yankinku, tare da kawo sunayen kayan aikin da Hausa.
2. Waɗanne dabaru Liba ya bi har sabulunsa ya karɓu a wajen jama'a?
3. Kwatanta abin da ya faru a Kwango da abin da ya faru a Nijeriya dangane da neman filayensa.
4. Tsara darasi na minti 30 a kan wanke hannu ga 'yan aji uku na firamare.